LIKITA J. M. DALZIEL (1872–1948) DA SUNAYEN TSIRRAN ƘASAR HAUSA: MISALI DAGA ZAƘAMI DA DANGINSA

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta bayan gari a Gumel ko Maigatari da damina, ko kuwa ya ratsa wani tsohon kufai a ƙasar Gagarawa ko Sule Tankarkar, da wuya ya rasa ganin wani tsiro mai faɗin ganye a bisa juji, da farin fure dogo mai siffar kakaki, da 'ya'ya kewayayyu masu ƙaya. Ƙaramin yaro ma ya san sunansa zaƙami, tsofaffi kuwa sukan kira shi haukata-yaro ko babba-jibji. Amma idan ɗalibi ya buɗe ƙamus na Hausa, sai ya tarar an rubuta wani baƙon suna na harshen Latin a gefen kalmar, watau Datura metel. Galibin ɗalibai sukan tsallake irin waɗannan sunaye ba tare da sun tambayi wanda ya haɗa su da na Hausa ba, ko ta wace hanya aka haɗa su, ko kuwa haɗin ya yi daidai.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar nauyin wannan haɗi shi ne wani likita mai suna John McEwen Dalziel. A wannan maƙala za a kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, sa'an nan a ɗauki zaƙami da danginsa a gwada aikinsa da su, domin a ga inda ya dace, da inda zamani ya gyara masa, da kuma abin da ya rage wa masu nazarin Hausa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dalziel a watan Mayu na shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, amma asalin iyayensa mutanen Sukotilan ne. Mutanen ƙasarsa ba su furta sunan kamar yadda yake a rubuce, abin da suke cewa ya fi kusa da Diyal. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edimbura, ya gama a 1895. A wancan zamani ilmin tsirrai wani sashe ne na karatun likita, saboda magunguna da yawa daga saiwa da ɓawo da ganye ake samun su, don haka ya fito jami'a da sanin yadda ake tantance tsiro da yadda ake adana shi.

Daga 1895 zuwa 1902 ya yi aikin likitan mishan a kudancin ƙasar Sin, a yankin tashar jiragen ruwa ta Swatow, wadda yanzu ake kira Shantou. A can ne ya soma ɗabi'ar da ba ta rabu da shi ba har tsufansa, watau tattara tsirran duk inda ya zauna yana aikawa da su ga masana a ƙasarsu.

Zuwansa Ƙasar Hausa

A 1905 ya shiga ma'aikatar likitoci ta Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa. Lokacin mulkin Turawa bai gama zama da gindinsa ba. An ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru da na Haɗeja kuwa sai a 1906 aka yi su. A Gumel Sarki Ahmadu ne ke bisa gado. Aikin likitan gwamnati a waɗannan shekaru shi ne duba lafiyar Turawa da soja da ma'aikata, da yawan tashi daga wannan bariki zuwa wancan. Ta haka Dalziel ya zauna a wurare kamar Kwantagora da Katagum da Yola da Sakkwato da Abinsi ta bakin Binuwai.

Zamansa na Katagum shi ya fi shafar wannan maƙala, domin ƙasar Katagum da ta Haɗeja da ta Gumel shimfiɗa ɗaya ce ta jigawa da fadama, ruwan damina gajere, rani mai tsawo. Itatuwa da ciyayin da ya tsinta a can, irin su sabara da kalgo da aduwa da ƙirya, su ne manomin Gumel ke sassabewa a gonarsa.

Hanyar aikinsa ita ce wadda masu tattara tsirrai ke bi har gobe. Za a tsinko reshe mai ganye da fure da 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da katako har ya bushe, a ba shi lamba, a rubuta wurin da aka same shi da lokacin. Daga nan sai a aika da shi ma'ajiyar busassun tsirrai ta lambun Kew da ke Landan, inda za a gwama shi da dubban samfurori a gane ko an riga an san shi ko sabo ne ga masana. Abin da ya bambanta Dalziel da yawancin takwarorinsa shi ne ya koyi Hausa, kuma bai wadatu da busasshen ganye ba sai ya ji sunan da masu ƙasa ke kiransa da abin da suke yi da shi. A 1910 mujallar lambun Kew ta buga bayaninsa game da tsirran lardin Yola. A shekarar nan kuma masani John Hutchinson ya raɗa wa itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, suna Boswellia dalzielii don girmama shi. Haka aka yi wa karan masallaci, aka kira shi Caralluma dalzielii. Har wani sauro ma akwai mai ɗauke da sunansa, Aedes dalzieli, domin ya yi binciken sauro, musamman lokacin da yake aikin tsabtar gari a Ikko.

Littafin 1916

A 1916 aka buga masa ɗan littafi a Landan mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. Tsarin littafin abin lura ne ga ɗalibin harshe. Kalmar Hausa ce a gaba, an jera kalmomin bisa tsarin abacada, sa'an nan sunan Latin ya biyo baya, da dangin tsiron, da siffarsa, da amfaninsa ta fuskar abinci ko magani ko rini ko jima ko gini. Inda suna ya bambanta tsakanin Kano da Sakkwato da sauran wurare yakan nuna, inda tsiro ɗaya ke da sunaye biyu ko uku yakan tura mai karatu daga wannan zuwa wancan. Da wannan tsari ya nuna cewa sunan Hausa shi kansa ilmi ne da ake iya farawa daga gare shi. Shekara 18 bayan haka, a 1934, ƙamus na Bargery ya fito, na Abraham kuma a 1949, duka biyun cike da sunayen Latin a gefen sunayen tsirrai. Hanyar da suka bi a wannan fanni Dalziel ne ya share ta.

Tsari Biyu na Raɗin Suna

Kafin a auna aikinsa, ya kamata a san tsarin da ya zo da shi. A 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya buga littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu. Kalmar farko ta gida ce, wadda tsirrai masu kusancin halitta ke tarayya a kanta, ta biyu kuwa ta iri ce, wadda ke ware tsiron daga 'yan gidansu. Gidaje masu kama da juna su ake tarawa a kira su dangi. Dangin da zaƙami ke ciki ana kiransa Solanaceae, kuma wani Bafaranshe, Antoine Laurent de Jussieu, shi ya tsai da shi a 1789. Yana da iri fiye da 2,000 a duniya. Da fure ake gane 'yan wannan dangi: leɓɓansa biyar ne a haɗe, ko su buɗe kamar tauraro ko su miƙe kamar kakaki, a ciki kuma akwai zaruruwa biyar masu ɗauke da ƙurar barbara. Wanda ya dubi furen gauta da na barkono da na tumatir da kyau zai ga wannan siffa. Furen taba da mata ke rina haƙora da shi, da furen zaƙami, su ne masu siffar kakaki.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ma yana da irin wannan tsari na kalma biyu tun kafin ya ji labarin Linnaeus. Yana da gauta, sa'an nan yana da gautan kura, wanda ke fitowa a daji da ƙaya a jikinsa, 'ya'yansa rawaya masu ɗaci, da kuma gautan kaji mai ƙananan 'ya'ya baƙaƙe. Duka ukun, da aka kai su gaban masana, sai aka tarar 'yan gida ɗaya ne, watau Solanum. Gautan kura shi ne Solanum incanum. Idon manomi da na masani sun haɗu a nan, domin dukansu siffar tsiron suka duba. Ƙarin da Bahaushe ya yi shi ne jingina tsiro ga dabba, wanda sau da yawa ke nuna cewa ba abincin mutum ba ne.

Amma tsarin biyu ba kullum suke haɗuwa ba. Bahaushe ya kira dankalin Turawa da sunan dankali saboda duka biyun a ƙarƙashin ƙasa suke yin 'ya'ya, alhali dankalin Turawa ɗan gidan gauta ne, Solanum tuberosum, dankalin Hausa kuwa ɗan gidan duman kada ne, a wani dangi dabam. A nan amfani Bahaushe ya duba, masani kuma ya dubi fure. Su ma sunayen Latin ba su tsaya wuri ɗaya ba. Linnaeus ya sa tumatir a gidan Solanum, Philip Miller na Ingila ya fitar da shi ya gina masa gidan Lycopersicon, a haka Dalziel ya san shi, sai kuma binciken ƙwayoyin gado na bayan 1990 ya mai da shi gidansa na farko. Haka kuma a 1986 masana suka tattara wasu nau'o'in gauta da yalo da a da ake ɗauka iri dabam-dabam ne, suka mai da su iri ɗaya, Solanum aethiopicum.

Matsalar Zaƙami

Babu inda wannan sauye-sauye ya fi fitowa fili kamar a kan zaƙami. Sunan Datura metel shi kansa ba na Turawa ba ne tsantsa. Linnaeus ya aro kalmar farko daga Indiya, inda ake kiran tsiron dhatura, ta biyu kuma daga Larabci, domin likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi bayanin wani magani mai sa maye da suke kira jauzu masil. Ashe al'ummomi uku ne suka yi karo-karo a suna ɗaya.

A 1768 Philip Miller ya bayyana wani ɗan gidan Datura da aka samo daga Meziko, ya kira shi Datura innoxia. Kalmar ta biyu tana nufin marar cutarwa, ko da yake dafinsa bai gaza na 'yan uwansa ba. Daga baya marubutan Turai suka rikita tsirran biyu, suka riƙa kiran na Miller da sunan na Linnaeus har fiye da shekara ɗari. Sai a 1921 wani Ba'amurke, William Safford, ya warware rikicin. Ga bambancin: Datura metel ganyensa da kararsa sumul suke, karan yakan yi baƙi-baƙi ko shunayya, ƙayar 'ya'yansa gajeru ce mai dakushi. Datura innoxia kuwa jikinsa duk laushin gashi ne mai toka-toka, ƙayar 'ya'yansa siririya ce doguwa. Akwai kuma na uku, Datura stramonium, wanda 'ya'yansa ke tsayawa sama maimakon su rataya ƙasa, kuma idan sun bushe sukan tsage gida huɗu.

Littafin Dalziel ya riga gyaran Safford da shekara biyar. Saboda haka ya ba zaƙami sunan Datura metel, tare da sunan Ingilishi da ke siffanta shi da gashi, aka kuma ci gaba da maimaita haka a ƙamusoshin Hausa. Ke nan suna na wannan ne, siffa ta wancan. Ba za a ɗora masa laifi ba, domin abin da masanan zamaninsa suka yarda da shi ya rubuta. Amma darasin a bayyane yake: kalmar zaƙami a bakin Bahaushe ta rufe tsiro fiye da ɗaya, kuma ɗalibin da ya kwafi sunan Latin daga tsohon ƙamus ya zuba a kundinsa, ba tare da ya je juji ya taɓa ganyen ba, yana iya yaɗa kuskuren da aka gyara tun 1921.

Wannan magana ba ta gardamar malamai ba ce kurum, ta shafi rai. Dukan 'yan gidan Datura suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi, musamman hayosin da hayosayamin da atirofin, a ganye da fure, balle a ƙwayar 'ya'ya. A asibiti ana amfani da su a kan awo, alal misali atirofin wajen buɗe ƙwayar ido don a duba cikinsa. A gargajiyance an san busar hayaƙin ganyen don ciwon fuka, kuma an daɗe ana ambaton tsiron game da sharon Fulani. Matsalar ita ce ƙarfin dafin yakan bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har daga daminar bana zuwa ta baɗi, don haka ba mai iya auna shi da tafin hannu. Wanda ya sha yakan ji bushewar baki da zafin jiki da bugun zuciya, ƙwayar idonsa ta faɗaɗa, ya shiga sambatu da gane-gane, idan abin ya yi yawa ya suma ko ya rasa ransa. Wanda ya raɗa masa haukata-yaro ya taƙaita wannan bayani duka a kalma biyu. A yau da samari ke jefa kansu cikin shan zaƙami, likitan da aka kawo wa yaro a ruɗe yana bukatar ya san me sunan da iyayen suka faɗa yake nufi a littafinsa na magani. Gadar da zai taka ita ce wadda Dalziel ya soma ginawa.

Shekarunsa a Kew da Rasuwarsa

Bayan Nijeriya an mai da shi Gwalkwas, watau Gana ta yau, inda ya ci gaba da aikin tsabta da tattara tsirrai har ya yi ritaya a 1922. Maimakon ya huta, sai ya koma lambun Kew ya haɗu da John Hutchinson, suka ɗauki aikin jera dukan tsirran Afirka ta Yamma a littafi ɗaya mai suna Flora of West Tropical Africa. Ya fito kashi huɗu, a 1927 da 1928 da 1931 da 1936, dangin gauta da zaƙami suna cikin kashi na 1931. A wannan aiki su biyun suka raɗa sababbin sunaye, suka kuma gyara tsofaffi. Itacen maje, alal misali, wani masani Rolfe ya fara sa shi a wani gida, su kuma suka mai da shi inda yake yanzu, Daniellia oliveri. Shi ya sa har yau ake rubuta sunayen Hutchinson da Dalziel a bayan sunan itacen, kamar yadda ake rubuta harafin L. a bayan sunayen da Linnaeus ya raɗa.

A 1937 Dalziel ya fitar da babban littafinsa shi kaɗai, The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya tara amfanin tsirrai da sunayensu a harsuna masu yawa, Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarabanci da sauransu. Ya rasu a watan Fabrairu na 1948 a unguwar Chiswick ta Landan, yana da shekara 75. Bayansa R. W. J. Keay da F. N. Hepper suka sabunta littafin da ya yi da Hutchinson tsakanin 1954 da 1972. H. M. Burkill kuma ya faɗaɗa littafin 1937 ya zama juzu'i shida, daga 1985 zuwa 2004.

Matsayin Aikinsa

Adalci ya wajabta a faɗi abu biyu game da shi. Na farko, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma wannan gwamnati tana da muradinta wajen sanin wane itace ne ke ba da ƙaro, wanne ke ba da mai, wanne ke ba da rini. Ilmin da ke cikin littattafansa kuwa na manoma ne da maharba da makiyaya da wanzamai da ungozomomi da masu tallar magani. Sunansa ne a bangon littafi, sunayensu sun tafi tare da su. Na biyu, duk da haka, da bai zauna ya tambaya ya rubuta ba, da sunaye masu yawa sun ɓace ba tare da an san wane tsiro suke nufi ba. Ya ɗauki maganar baƙauye da muhimmanci a zamanin da yawancin 'yan uwansa ba su ɗauke ta a bakin kome ba.

Ta fuskar harshe aikin yana da giɓi. Ya yi rubutu kafin a tsai da haruffa masu lanƙwasa da ake amfani da su yanzu, kuma bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Har ila yau, mutum ɗaya ba ya iya game karorin Hausa duka. Ƙasar Gumel misali ce mai kyau. Masarauta ce ta Mangawa wadda ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, tana kuma bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. A ƙananan hukumominta huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda ke cikin Jihar Jigawa tun 1991, Hausa ta daɗe tana cuɗanya da Manganci da Fulatanci. A irin wannan wuri ne ake sa ran tsiro ɗaya ya sami sunaye da yawa, ko suna ɗaya ya hau tsirrai dabam-dabam.

Kammalawa

An ga yadda likitan da aka haifa a Indiya, ya yi karatu a Edimbura, ya yi aiki a Sin, ya zo ya zama tsani tsakanin sunayen tsirrai na Hausa da na masana. An kuma ga, ta hanyar zaƙami, cewa tsanin yana da matakalar da ke bukatar gyara. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗalibin Hausa da ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya zauna wurin masu kasa saiwoyi, ya rubuta kowane suna da karin sautinsa da garin mai faɗarsa, ya karɓi reshe mai fure ya busar, sa'an nan ya kai wa abokinsa na sashen ilmin tsirrai su tantance tare, ya yi abin da Dalziel ya yi, ya kuma ƙara abin da shi bai yi ba, musamman idan ya rubuta sunan wanda ya koya masa. Tsofaffin da suka san bambancin gautan kura da gautan kaji, suka san wane zaƙami ne mai gashi wanne ne sumul, kullum raguwa suke yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.